Tambaya da Amsa: Ina iyakar murnar cin ƙwallo a gasar makarantu?

Tambaya: Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a Daura. Ɗalibina ya ci ƙwallo ya tuɓe riga, sai aka soke ƙwallon saboda satar gida, amma duk da haka alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi. Wannan ba zalunci ba ne?

Amsa: Malam, alƙali bai zalunce ku ba. Doka ta 12 cikin dokokin da hukumar IFAB, mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ke fitarwa ta wajabta katin gargaɗi ga wanda ya tuɓe riga ko ya rufe kansa da ita, ko ya sa abin rufe fuska, ko ya haye shingen fili, ko ya yi wata alama ta tsokana ko izgili. Tun 2004 hukuncin tuɓe riga ya zama dole, a 2019 kuma aka fayyace cewa katin na nan ko da an soke ƙwallon. Singileti a ciki ba ta ceton yaro. Ka tuna wa ɗalibanka Vincent Aboubakar na Kamaru: a gasar cin kofin duniya ta 2022 ya ci Brazil, ya tuɓe riga alhali yana da kati ɗaya, nan take aka kore shi.

Tambaya: Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina. Ɗana yakan yi sujada in ya ci ƙwallo, kocinsu ya ce zai jawo masa kati. Haka ne?

Amsa: A'a, Hajiya. Sujadar godiya ba laifi ba ce, ga Mohamed Salah nan yana yin ta. Abin da Doka ta 4 ta hana shi ne ɗaga riga a nuna rubutun siyasa, addini ko saƙon kai a rigar ciki. Ya yi sujadarsa ya tashi da wuri.

Tambaya: Sabon alƙalin wasa ne ni a Katsina. Filayen makarantu ba shinge, da an ci ƙwallo sai yara su ruga wajen magoya bayan abokan karawa suna gwalo. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, nan ne faɗa ke tashi, kuma kusan kullum don alƙali ya sunkuya yana rubuta lambar wanda ya ci ne. Rubutu ya jira. Da ƙwallo ta shiga raga, ka bi wanda ya ci da ido, ka matsa ka shiga tsakaninsa da bencin abokan karawa, mataimakinka na kusa kuma ya lura da mai tsaron gida, don shi ake yawan tsokana wajen ɗauko ƙwallo daga raga. Ka fara da murya: "Ya isa, ku koma gida." Fita daga fili don murna ba laifi ba ne, matuƙar an dawo da wuri. Amma gwalo, ko ɗora yatsa a baki a fuskar 'yan kallon wancan ɓangare, kati ne. Daƙuwa ko ashar kuwa jan kati ne kai tsaye, kada ka sassauta wai don yaro ne. In ka ƙyale na farko, na biyu duwatsu zai jawo.

Kafin wasa ka tara kyaftin biyu da malamansu ka faɗa musu wannan a minti ɗaya, ka kuma sa a ja igiya ko layin toka da zai tsayar da ɗalibai 'yan kallo nesa da layin fili. In zagi ya fito daga benci ba ka gane mai shi ba, babban koci ne ke karɓar katin. Lokacin da murna ta cinye ka mayar da shi a ƙarshen wannan rabin. Kada kuma ka busa usur na ci gaba sai kowa ya koma ɓangarensa. Bayan an tashi, ka rubuta sunan duk wanda ya samu kati, lambarsa, minti da laifinsa, ka miƙa wa masu shirya gasa, domin su ke da ikon dakatar da ɗan wasa.