Tambaya da Amsa: Me mai haɗa manhaja zai koya don kada zamani ya wuce shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na kammala karatun kimiyyar kwamfuta, yanzu ina haɗa wa makarantu da 'yan kasuwa shafukan intanet da harshen PHP da rumbun bayanai na MySQL. To amma kullum sai in ji ana cewa abin da na iya ya tsufa. Wannan ya ce in koma React na gina fuskar shafi, wancan ya ce Flutter na haɗa manhajar waya, wani kuma ya ce ƙirƙirarriyar basira za ta ƙwace aikin baki ɗaya. Ba ni da lokaci ko kuɗin datar da zan koyi duka. Me zan sa a gaba?

Daga wani mai karatu a Gusau

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, PHP bai mutu ba. Da shi aka rubuta WordPress, wanda ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya bisa uku na shafukan intanet na duniya, kuma manhajar da ke tafiyar da Wikipedia ma da shi aka gina ta. Abin da ke iya tsufa shi ne irin PHP ɗin da kake rubutawa. Je ka duba sigar da ke kan sabarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukanka. In 7.4 ce ko ƙasa da haka, to tun Nuwamban 2022 aka daina toshe mata ɓarakar tsaro. Ka koma PHP 8, ka koyi Laravel, wato firamwok ko shiryayyen tsarin gina manhaja da PHP, ka saba da Composer mai jawo maka kod ɗin wasu cikin aikinka. Wannan kaɗai zai sabunta maka rabin sana'arka ba tare da ka sauya harshe ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kayan aikinmu ba tsawon rai ɗaya gare su ba. AngularJS, wani firamwok na gina shafuka, ya fito a 2010, aka yi ta rububinsa, zuwa farkon 2022 Google ta janye hannu daga gare shi. Flash, wanda a da kusan duk bidiyo da wasan da ke intanet sai da shi, an rufe babinsa a ƙarshen 2020. Amma SQL, harshen yi wa rumbun bayanai tambaya, tun shekarun 1970 ake aiki da shi, umarnin da ake bugawa a Linux daga Unix na wancan zamanin aka gado su, Git kuma, mai adana tarihin duk gyaran da aka yi wa kod, tun 2005 yake nan daram. Wanda lokacinsa da datarsa ke da iyaka, sai ya zuba mafi yawansu a kan masu dogon rai. Masu saurin sauyawa kuwa ya ɗauki ɗaya ya ƙware, sauran ya san labarinsu kawai.

Ka fara da Git. Har yanzu nakan ga matasa masu hazaƙa suna ajiye aikinsu a folda-folda: wannan "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe da gyara", suna yawo da su a filash. Ranar da mai makaranta ya bugo waya ya ce shafin da ke aiki jiya ya tsaya yau, ba su da hanyar sanin layin da suka taɓa. Linus Torvalds ya rubuta Git ne don masu gina Linux su iya aiki tare ba tare da sun tattake aikin juna ba, kuma yau babu kamfanin da zai ɗauke ka ya zauna koya maka shi. Kada ka tsaya a commit da push, wato adana gyara da tura shi. Ka iya buɗe reshe, ka iya warware rikici idan gyaranka ya ci karo da na abokin aikinka, ka iya rubuta bayanin da wani zai karanta bayan shekara ya gane dalilin gyaran. Shafinka na GitHub kuma, inda ake ajiye ayyukan Git a intanet, shi ne shaidar da mai ɗaukar aiki zai buɗe ya gani da idonsa.

Sai rumbun bayanai, kuma a nan nake so ka daɗe. Ka ce ka iya MySQL, amma akwai bambanci tsakanin iya ciro bayani da sanin abin da rumbun ke yi a ciki. Ɗauki shafin makarantar da ka haɗa. Da ɗalibai 40 ka gwada shi, yana buɗewa nan take. Ranar fitar da sakamako iyaye 2,000 suka shigo lokaci guda, shafi ya yi ta juyi har ya mutu. Galibi ba laifin saba ba ne. Za ka tarar kod ɗinka yana ciro jerin ɗalibai, sannan ya koma rumbu sau ɗaya domin kowane ɗalibi ya ciro makinsa, ga shi kuma babu index, wato jerin da ke saurin kai rumbu ga layin da ake nema, a kan lambar ɗalibi, don haka kowace tambaya sai rumbun ya bi teburin tun daga layin farko har na ƙarshe. JOIN guda, mai haɗa teburan a tambaya ɗaya, da index guda sun isa su mayar da jiran daƙiƙa 30 ya zama ƙiftawar ido. Ka koyi sa EXPLAIN a gaban tambayarka, zai nuna maka hanyar da rumbun ke bi. Wannan ilimin zai bi ka ko ka koma PostgreSQL, ko ka sauya harshe sau goma.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Na farko haruffanmu masu lanƙwasa. Idan rumbunka yana kan tsohon tsarin adana haruffa na latin1, yarinya mai suna Bilƙisu ko yaro mai suna Ɗanjuma za su fito a takardar sakamako da alamar tambaya a tsakiyar sunansu. Ka sa utf8mb4 tun ranar farko, a rumbu da kuma mahaɗin da ke tsakaninsa da kod. Na biyu kuɗi. Kada ka ajiye naira a matsayin lamba mai ɗigo ta float, domin kwamfuta in ta tara 0.1 da 0.2 ba ta ba da 0.3 cif. Ka ajiye kuɗi a kwabo, cikakkiyar lamba. Shi ya sa in za ka tura wa kamfanin biyan kuɗi na Paystack naira 5,000, sai ka rubuta 500000.

Tunda mun taɓo biyan kuɗi, ga wani abin da ke raba ƙwararre da ɗan koyo. Uba ya danna maɓallin biyan kuɗin makaranta, netwok ya yi nauyi, bai ga komai ba, ya sake dannawa. Ko kuma kamfanin biyan kuɗi ya aiko wa sabarka saƙon tabbatarwa, bai samu amsa da wuri ba, ya sake aikowa. In manhajarka ba ta duba lambar cinikin ta gane ta riga ta gan ta ba, za ta rubuta biya biyu, lissafin makaranta ya rikice, kai ne kuma za a kira. Babu firamwok ɗin da zai yi maka wannan tunanin. Sai ka fahimci yadda HTTP, ƙa'idar da burauza da saba ke magana da ita, ke aiki, abin da lambobi irin 200 da 404 da 500 ke nufi, da yadda ake ɗaure ayyuka biyu a rumbu ta yadda ko su yiwu tare ko su fasa tare.

Tsaro ba kwas ba ne da za a bari sai an samu sarari. Bayanan yaran mutane ne a hannunka, da lambobin wayar iyayensu, amana ce. Kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke sa ido a kanta. Kada ka taɓa manna abin da mutum ya rubuta a fom kai tsaye cikin tambayar SQL, a yi amfani da prepared statement, wanda ke raba umarnin da abin da mutum ya rubuta. Kalmar sirri a ɓadda kamarta da password_hash kafin a ajiye, ba da tsohuwar hanyar MD5 ba. Fayil ɗin da ke ɗauke da makullan sirrinka kada ya hau GitHub ko da kuskure, domin akwai manhajojin ɓarayi da ba su da aiki sai laluben irin waɗannan makullan. Ka nemi jerin manyan haɗurra goma na OWASP, ƙungiyar masana tsaron manhaja, ka karanta a nutse. Sannan ka riƙa sabunta kod ɗin wasu da ka jawo cikin aikinka. A Disamban 2021 ɓaraka guda a Log4j, wata manhajar rubuta rahoto da yawancin masu amfani da ita ba su ma san tana cikin tsarinsu ba, ta hana injiniyoyin manyan kamfanonin duniya barci.

Linux ka koye shi daidai gwargwado: shiga saba daga nesa ta SSH, karanta rahoton kurakurai, ba fayil izinin da ya dace, tsara ajiyar kwafin rumbu kowane dare, da gwada dawo da kwafin, domin ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko tana aiki ba. Docker, mai ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata wuri guda, ya cancanci mako biyu zuwa uku na lokacinka, shi ke kashe maganar "ai a kwamfutata yana aiki". Kubernetes kuwa bar shi tukuna, matsalar kamfanoni masu ɗaruruwan sabobi yake warwarewa. Ka koyi rubuta gwajin da ke tafiya da kansa, ko da na lissafin maki da na kuɗi ne kawai, ka haɗa shi da GitHub Actions ya riƙa gudana duk lokacin da ka tura gyara.

React ko Flutter? Kafin duka biyun, ka iya JavaScript, harshen da burauza ke aiki da shi, da kyau, sannan ka hau TypeScript da aka gina a kansa, wanda Microsoft ta fitar a 2012, yau kuma shi ne abin da manyan ayyuka da dama ke amfani da shi. Bayan nan ka dubi masu ba ka aiki. In shafuka suke nema, ko kana hangen aiki daga nesa da kamfanonin Legas ko na waje, React ya fi yawan guraben aiki. In 'yan kasuwarka manhajar waya suke tambaya, Flutter zai ba ka ta Android da ta iPhone daga kod ɗaya. Ɗaya za ka ɗauka. Duk wanda ka ɗauka kuma, ka gwada aikinka a ƙaramar wayar Android mai ƙarancin ma'adana, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Manhajar da ke ajiye ciniki a cikin waya da ƙaramin rumbun SQLite, ta tura shi in netwok ya dawo, ta fi wa mai shago a Ƙauran Namoda amfani a kan mai ƙyalƙyali da ke tsayawa cak in sabis ya ɗauke.

Yanzu ga babbar fargabarka. GitHub Copilot, ƙirƙirarriyar basira mai taya rubuta kod, ya bayyana a 2021, ChatGPT a Nuwamban 2022, kuma gaskiya sun sauya yadda ake aikin nan. Ba zan ce maka ka guje su ba, wanda ya ƙi su zai ga abokan aikinsa sun riga shi gama aiki. Ka yi amfani da su wajen fassara maka saƙon kuskure, da rubuta gwaji, da bayyana maka kod ɗin da ka gada daga wani, da ayyukan maimaici masu cin lokaci. Amma ka ɗauke su kamar yaron shagon tela mai saurin hannu: zai ɗinka maka riga goma kafin azahar, sai dai in maigida bai san yanka ba, ba zai gane wadda hannunta ya karkace ba sai mai kaya ya dawo da ita. Sukan ƙirƙiro sunan aikin da babu shi, sukan kawo tsohuwar hanyar da aka daina, sukan rubuta kod mai kyan gani da ɓarakar tsaro a cikinsa, kuma duk da murya ɗaya ta tabbaci. Ba su san cewa saƙon biya zai iya zuwa sau biyu ba sai ka faɗa musu, ba za ka faɗa ba kuwa sai ka sani. Saboda haka ƙa'idata ita ce: kada layin da ba za ka iya bayyana shi da bakinka ba ya shiga aikin da za ka miƙa. Kada kuma ka manna musu bayanan ɗalibai ko makullan sirri. Aikin da ke raguwa shi ne na wanda iyakarsa kwafo kod ya manna. Wanda zai zauna da shugaban makaranta ya gane ainihin abin da yake buƙata, ya karanta abin da na'ura ta rubuta ya ce nan daidai ne, nan kuskure, buƙatarsa tana nan.

Wannan ya kawo ni ga karatu. Turancin karanta bayanan fasaha wajibi ne a sana'ar nan, kuma rubutu ya fi bidiyo arha nesa ba kusa ba. Bidiyon awa guda zai cinye datar da za ta ishe ka karanta bayanan Laravel gaba ɗaya. Shafin MDN ya wadatar a kan duk abin da ya shafi burauza, DevDocs kuma yana bari ka sauke bayanai ka karanta ba intanet, abin da zai yi maka rana in sabis ya ɗauke. Duk lokacin da kayan aikinka suka fitar da sabuwar siga, ka karanta takardar sauye-sauyen da ke biye da ita. Minti 20 ne, kuma ya fi bin masu shelar "wannan ya mutu, wancan ya mutu" a kafafen sada zumunta.

Kada ka yi zaman kaɗaici. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana horar da matasa a fannonin fasaha, ana kuma yin tarukan masu haɗa manhaja na DevFest a garuruwa irin Kano da Kaduna, inda za ka haɗu da waɗanda suka riga ka nisa. Ka samu mutum ɗaya da zai riƙa duba kod ɗinka yana gaya maka gaskiya, kai ma kana duba nasa. In ka ɗan ƙware a Git, ka nemi wata buɗaɗɗiyar manhaja da kake amfani da ita, ka duba matsalolin da aka yi wa alamar good first issue, ka gyara ɗaya ka tura. Masu kula da ita za su dawo maka da gyare-gyare layi bayan layi, kyauta, kuma sunanka zai zauna a tarihin aikin inda kowane mai ɗaukar aiki zai iya gani.

Allah Ya sa albarka a sana'arka.