Tambaya da Amsa: Ɗana shina son ya yi farmasi a Amurka, mi ya sa sai ya shekara biyu tukuna?

Salamu alaikum Malama. Ni ɗan kasuwa ne nan Maraɗi, yarona ya samu bak D ya tahi Amurka wajen ƙanen uwarshi, burinmu ya yi farmasi ya komo ya buɗe tashi. To yanzu ya ce mini wai sai ya yi shekara biyu shina wasu darussa kahin ma a ɗauke shi makarantar farmasin, alhali ɗan maƙwabcina daga bak kai tsaye ya shiga fakilte a Yamai. Na ce mishi ya haɗa su duka ya gama a shekara guda don kuɗɗi na tahiya, ya yi shiru. Ko dai wasa yake yi can?
Wani uba, unguwar Zariya, Maraɗi

Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronku bai yi muku ƙarya ba, tsarin ne daban. Nan gida farmasi tun daga shekarar farko ake shiga, can kuwa galibi sai ka kawo shaidar ka ci wasu darussa sannan ka nemi shiga, ita kanta farmasin galibi shekara 4 ce a bisa.

Abin da ke hana a matse su a shekara guda shimi ce, wato ilimin sinadarai. Akwai shimi ta gama-gari kashi na 1 da na 2, sannan shimi organik ita ma 1 da 2, kuma ba a barin ka shiga ta gaba sai ka ci ta baya, samestir huɗu kenan ko da yaron ya fi kowa kai a ajin. Abin da zai iya rage lokacin shi ne ya ɗauki guda lokacin hutun bazara, shi ma gudu ake yi, karatun wata huɗu a cusa a sati kaɗan, ni dai organik ba zan ba kowa shawarar ya yi ta haka ba. Ga biyoloji, ga ilimin ƙwayoyin cuta, ga anatomi, fizik, lissafi, har da Ingilishi da koyon magana gaban jama'a wasu makarantun ke nema.

Ku duba lissafin awa Alhaji, tunda ku mutanen lissafi ne. Ɗalibi baƙo dole ya riƙe kiredi 12 aƙalla kowane samestir (kiredi shi ne ma'aunin nauyin darasi), yawanci 15 ake ɗauka, kuma kowane kiredi ana ƙiyasta awa guda a aji da awa biyu na bita a ɗaki. In ya ɗauki 18 don ya faranta muku, awa 54 kenan a sati, kuma duk wannan da Ingilishi, yaron da ya yi lise ɗinshi kaf da Faransanci. Labo kaɗai sai ya tsaya awa uku da farar riga da tabarau, ya koma ɗaki ya rubuta rahoto. Shi ya sa na fi son darasi mai labo kada ya wuce biyu a samestir, sauran ya cike da masu sauƙi.

Kuma fa faɗuwa ta fi jinkiri tsada. Makarantu da yawa ba su karɓar abin da ya gaza makin C (can da haruffa ake ba da maki), in ya faɗi ya sake biya ya maimaita, tsohon makin bai ɓacewa, PharmCAS inda ake tura takardun nema duka biyun take haɗawa cikin mwayen, wato matsakaicin maki.

Abin da za ku tambaye shi in kun yi waya: waɗanne makarantu uku ko huɗu yake hari, don kowace da jerin darussanta, kuma ba dukansu ke ɗaukar baƙi ba. Ya turo muku jadawalin samestir huɗun ta WhatsApp, ku ga shimi na bin juna ba giɓi, ku ajiye hoton a waya ku riƙa dubawa duk ƙarshen samestir.