Me ya sa suke kafa rumfar katako a tsohon gari kuma su kwance?

Malam, ka ce ba ka ga amfanin a kashe kuɗi a kafa rumfar katako a Bruges ba tunda bayan 'yan watanni za a kwance ta. To ai kwancewar nan ce ta sa ake barinsu su yi. Tsakiyar garin nan na Beljiyam UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi tun 2000, ba ka isa ka zo ka dasa ginin kankare a bakin ruwansu ba, amma katako ba nauyi, da noti da ƙusa ake haɗa shi, ba sai an yi wani dogon haƙa ba, an gama a kwashe kamar ba a yi ba. Duk shekara 3 suke bikin baje kolin fasaha da gine-gine da ake kafa rumfunan nan dominsa, tun 2015.

A 2018 ma har da ɗan Najeriya mai zanen gine-gine, Kunle Adeyemi, tasa a kan tafkin Minnewater ya ɗora ta, samfurin makarantar nan da ya yi a Makoko ta Legas kan gangunan roba, wadda ta rushe a 2016. Ni dai wallahi ta burge ni.

Kuma fa ba duka ake cirewa ba, gadar Accademia ta Venice a Italiya a 1933 da sunan wucin gadi aka yi ta da katako, har yau gadar katako ce a wurin, gyara da sabuntawa ake mata.