Gwaji ya ce ɗana yana da alajin gyaɗa, alhali yana cin ƙuli-ƙuli lafiya lau

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara bakwai ya yi borin jini sau ɗaya, aka yi masa gwajin jini na IgE, sakamako ya nuna gyaɗa. Amma tun yaye yake shan kunun gyaɗa, yana cin ƙuli-ƙuli, ba abin da yake same shi. An ce akwai gwajin da ke rarrabe sinadaran gyaɗar ɗaya bayan ɗaya. Mu yi shi ne, ko mu hana shi gyaɗa kawai?

Amsa: Hajiya, kada ki hana shi tukuna. Yaron da ke cin gyaɗa yau da gobe ba kumburi, ba amai, ba shaƙewa, cinsa ya fi takardar gwaji ƙarfin hujja. Raba shi da ita ba dalili ma na iya sa jikinsa ya daina saba mata.

Gwajin da aka yi masa yana auna IgE ne, wato sinadarin garkuwar jiki da ke tayar da alaji, a kan gyaɗa ɗungurungum, alhali furotin ɗin da ke cikinta iri-iri ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba. Gwajin da aka faɗa miki yana duba kowanne shi kaɗai. Wanda muka fi zuba wa ido shi ne Ara h 2, da ɗan'uwansa Ara h 6. Wuta ba ta lalata su, ciki ba ya saurin narkar da su, shi ya sa in IgE ɗinsu ya hau, mai yiwuwa ne ƙwarai alajin na gaske ne, har da mai tsananin da ke toshe numfashi. Shi kuwa Ara h 8 kama kawai yake yi da wani furotin na ƙurar furen bishiyar birch ta Turai, galibi ba ya wuce ƙaiƙayin baki.

Akwai abin da ya fi shafar yaranmu, kuma na fi zarginsa a nan. A 2013 an wallafa wani bincike kan 'yan makaranta a Ghana: kusan ɗaya cikin shida jininsu ya nuna gyaɗa, amma waɗanda suka ce tana damunsu ba su kai biyu cikin ɗari ba. An gano IgE ɗin yana kama wasu sinadaran sukari ne da ake kira CCD, kuma abin yana da alaƙa da tsutsar tsargiya, mai sa fitsarin jini. Irin wannan IgE yana ɗaga lamba a takarda, bai cika jawo ciwo ba. In yaronki yana wanka a rafi ko kududdufi, a duba fitsarinsa.

Ni a ganina, in har ya ci gyaɗa bayan borin jinin nan kuma ya kwana lafiya, kashe kuɗi a kan sabon gwaji bai zama dole ba. Amfaninsa yana fitowa ne inda labari ya rikice: yaron da bai taɓa ci ba, ko wanda ya kumbura bayan tsire ba a san ko ƙulin da ke yajin ba ne. Ko a nan ma, hukuncin ƙarshe shi ne a ba shi gyaɗar kaɗan-kaɗan a asibiti, likita na tsaye da allurar adirenalin, ta gaggawa in alaji ya tsananta, a kusa. Ba a yin wannan a gida.

In kuwa kun riga kun daina ba shi tsawon watanni, ku ga likita kafin ku mayar masa. Kuma duk ranar da leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe jim kaɗan bayan cin abinci, a garzaya asibiti nan take.