Wane Salif Keita ne ya rasu? Tambayoyinku kan waya da sunaye masu kama

Tambaya: Malam, a fadarmu ta Bukoki nan Yamai gardama ta kaure. An turo saƙo a rukuninmu na WhatsApp cewa Salif Keita ya rasu, da hoton mawaƙin nan zabiya na Mali. Wani ya rantse ƙarya ce, wani ya ce shi da kunnensa ya ji a rediyo. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wanda ya ji a rediyo bai yi ƙarya ba, amma hoton ba na mamacin ba ne, labarin kuma tsoho ne aka sake ɗumamawa. Salif Keita biyu ne, dukansu ƴan Mali. Wanda ya rasu ranar 2 ga Satumba 2023 a Bamako ɗan ƙwallo ne, an haife shi a 1946, ya buga wa Saint-Étienne da Marseille a Faransa da Valencia a Sifen, kuma shi ya fara cin kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1970. Mawaƙin kuwa haihuwar 1949 ne a Djoliba, ya yi waƙa a Rail Band da Les Ambassadeurs kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ya faru ba wuyar ganewa. Wanda ya haɗa saƙon ya buga sunan a Google, ya ɗauki hoton da ya fara fitowa. Google bai san mutum ba, haruffa yake bi, sai ya sa gaba wanda aka fi nema. Mawaƙin ya fi yawo a intanet, shi ya sa hotonsa ya hau kan rasuwar takwaransa.

Maganin shi ne kada ka ba injin suna tsirara. Haɗa masa da sana'a: rubuta Salif Keita footballeur, ko Salif Keita chanteur. In kana son ya cire ɗaya gaba ɗaya, sa alamar ɗebewa manne da kalmar, kamar -football. Ɗigo biyun da ake sawa kan harafin i na Keïta kada ka wahalar da kanka da su, Google ba ya damuwa da su sosai. Ga hoton kuma, buɗe Google Lens ka ba shi, zai nuna maka shafukan da hoton ya fito. Sannan ka duba kan saƙon: in ka ga kibiya biyu, WhatsApp na gaya maka ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ku.

Ku ƙara wannan a fada kafin shayi na uku: Seydou Keita ma biyu ne. Akwai ɗan ƙwallon da ya buga wa Barcelona daga 2008 zuwa 2012, akwai kuma mai ɗaukar hoto na Bamako da ya rasu a 2001.

Tambaya: Daga Tawa nake. Na kai katin memori kasuwa aka zuba mini waƙoƙin Ali Farka Touré da na ɗansa Vieux, amma waya ta cakuɗa su, wasu ma ta ce ba ta san mawaƙin ba. A YouTube kuma in na rubuta Touré sai ƙwallayen Yaya su cika mini fuska.

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka ba ta lalace ba. Manhajar kiɗa ba ta cika duba sunan da kake gani a kan fayil ba. Akwai wani ɗan bayani a cikin kowace MP3, ana ce masa ID3, inda ake rubuta mawaƙi da kundi da shekara. Waƙar da ta bi ta Bluetooth da Xender da kwamfutar mai turi sau goma, sau da yawa wurin nan fanko ne, ko an sa Touré kawai. Sauke manhajar gyaran wannan bayani daga Play Store, ka cika sunan kowa cikakke. Wadda ka kasa rarrabewa, kunna ta a wata waya ka bari Shazam, manhajar gane waƙa, ya saurara. In aikin ya yi maka yawa, buɗe jaka biyu a katin, ta uba da ta ɗa, ka riƙa kunnawa daga jaka. Ni haka nake yi, don raggo ne ni wajen cike-cike.

Batun YouTube, tarihin kallonka ne ya tona ka: kana kallon ƙwallo. Yaya Touré ɗan Kodibuwa ne, ƙanen Kolo, ya ci gwarzon Afirka sau 4 a jere daga 2011 zuwa 2014, ba abin da ya haɗa shi da Ali Farka, mutumin Niafunké ta Mali da ya rasu a 2006, sai suna. Rubuta Farka, nan take za a rabu.

Tambaya: Ina neman shafin Alfaga na gaskiya a Facebook, na tarar da shafuka da yawa masu hotonsa.

Amsa: Namu na Nijar ya fi rikita injin, don mu sunan uba muke jingina wa namu, takardun Faransanci kuma su juya shi gaba ya koma baya. Ɗan taekwandon da ya ciyo mana azurfa a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, za ka same shi a rubuce Abdoul Razak Issoufou wani wuri, Issoufou Alfaga Abdoulrazak wani wuri. Gwada duka jerin. In ka shiga shafi, nemi sashen da ke nuna ranar buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin da bara yake tallar atamfa, bana ya koma zakara, ka san inda aka dosa. Duk wanda kuma ya ce ka tura masa kuɗi ko lambar da ta shigo maka ta SMS, toshe shi.