Amsa: Kumburin ido bayan doguwar mura

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce yaronki mai shekara 5 ya kwana goma sha biyu yana fama da majina mai kauri da zazzaɓi, yau kuma ya tashi fatar idonsa ta hagu ta kumbura ta yi ja, kina tambaya ko maganin ɗigawa na kyamis zai wadatar. Gaskiya ba zai wadatar ba, ki kai shi babban asibiti yau.

A cikin ƙasusuwan fuska akwai ƙananan koguna masu iska da ke haɗe da hanci, waɗanda suke tsakanin hanci da ido kuwa ƙashin da ya raba su da ramin ido siriri ne kamar takarda, shi ya sa ƙwayoyin cuta ke ƙetarawa su tara ruwan mugunya a bayan idon yara ƙanana. Ki lura ko ƙwayar idon ta turo waje, ko yana kuka idan ya juya ta, ko yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Ciwon kai mai tsanani, amai, sandarewar wuya, yawan barci ko farfaɗiya kuwa alamu ne cewa cutar ta doshi ƙwaƙwalwa, abin da ya fi faruwa ga matasa, domin kogon goshi, wanda ta nan cutar ta fi bi zuwa ƙwaƙwalwa, sai wajen shekara 7 yake fara bayyana.

Likita zai gwada ganinsa da motsin idon, ya ɗauki jini, sannan ya nemi hoton siti-sikan, wato hoton na'ura mai nuna cikin kai dalla-dalla, domin hoton ƙashi na gama-gari ba ya nuna inda mugunyar ta taru. Yawanci kwantar da yaro ake yi a ba shi magani ta jijiya, idan mugunyar ta yi yawa a yi tiyata a fitar da ita. Allah Ya ba shi lafiya.