Ba ke kaɗai lemon tsami ya kunyata ba

Malama, da na karanta cewa kin soka ƙusa da waya a lemon tsami kin haɗa da kwan tocila amma ya ƙi kamawa a gaban yara, wallahi sai da gabana ya faɗi, don ni ma na sha wannan.

Ni ranar baje kolin kimiyya ce, iyaye sun cika aji. Na haɗa waya, shiru. Na sake haɗawa, shiru. Hannuna na rawa, ruwan lemo na ɗiga a kan takardar darasina. Sai wani malami, shi ne fa ya ba ni kwan ya ce zai kama, ya ɗaga murya ya ce, "Sai dai ta kawo buhu guda." Aka kwashe da dariya. Wata yarinya da ta kwana uku tana tara mana ƙusoshi ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko. Har yau bai ba ni haƙuri ba, kuma duk sanda na tuna fuskar yarinyar nan raina ɓaci yake.

Ba laifinki ba ne, 'yar'uwa. Lemo ɗaya volt 0.9 yake bayarwa ko kusa da haka (volt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wutar lantarki), kuma wutar ba ta da ƙarfin kunna kwan tocila. Ki nemi ƙaramin jan kwan LED, shi kusan volt 2 yake so. Ki jera lemo 4, kowanne a soke da ƙusa da wayar jan ƙarfe, jan ƙarfen wannan ya tafi ƙusar na gaba. Ƙusar dole mai rufin tutiya ce, kuma kada ta taɓa jan ƙarfen a cikin lemon. Doguwar ƙafar kwan ita ke zuwa ɓangaren jan ƙarfe, in kin juya ba zai kama ba. Ki rage hasken ajin, don ɗan ƙyalli ne kawai.

Yara za su ce wuta na cikin lemo. Ki bar su su sa ƙusa biyu iri ɗaya, su ga kwan ya mutu. Nan suke gane aikin ƙarfe biyu mabambanta ne, ruwan tsamin hanya ce. Haka Alessandro Volta, masanin da ya ƙirƙiro batir, ya yi a 1800, da tutiya da jan ƙarfe da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri.

Don Allah kada su tsotsi lemon bayan an gama. Ƙananan baturan agogo kuwa kada ma su shigo ajin, haɗiye ɗaya na ƙona maƙogwaron yaro cikin sa'o'i kaɗan. Ki gwada komai ke kaɗai da daddare kafin ranar, da kwan da kika zaɓa da hannunki.